Daga Ƙaramar Ƙofar Arewa Zuwa Awon Igiya

Duk wanda ya sauka Guangzhou daga gida, kafin ya iya gaisuwa da Sinanci ya iya cewa Xiaobei, ko "Shawbe" kamar yadda bakinmu ya lanƙwasa ta. Ita ake faɗa wa direban tasi, ita ake rubuta wa baƙo a waya tun bai baro Kano ba. Amma na sha tambayar 'yan uwa a wurin cin tuwo ko sun san ma'anar kalmar, da wuya a sami mai amsa. Xiao shi ne ƙarami, bei kuma arewa. Sunan ƙofa ne aka gutsure, wato Ƙaramar Ƙofar Arewa ta ganuwar tsohon birnin. Akwai babbar, ana ce mata Dabei, tana yamma da ita. Ke nan mu da muka baro Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai, muka keto rabin duniya, a bakin wata ƙofar muka sake yada zango, kuma ta waje, inda baƙi suka saba sauka. Fagge ce kawai ta Sinawa.

Ƙofar dai babu ita yau, ganuwar ma an rushe ta shekara ɗari da suka wuce. Abin da ya rage shi ne hanyar da ke ratsa ƙofar, wadda muke bi kullum. Wannan ya sa da aka nemi in rubuta wani abu na tarihi a mujallarmu ta bana, na ajiye batun hawan jini da ciwon suga da na saba damun ku da shi, na ɗauko batun hanya. A gari, gida yakan faɗi a sake shi, mai gida ya mutu a raba gado, sarauta ta canja hannu, amma inda aka fara bi da ƙafa da wuya ya gusa. Wanda ya shata hanya ya yanke wa jikokin jikokinsa hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

Wanda ke son shaida ya je titin Beijing, inda da yawanmu ke sayen tsarabar yara. A tsakiyar titin akwai wasu ramuka da aka rufe da gilashi, mutane na leƙawa suna ɗaukar hoto. A shekarar 2002 ne ma'aikata suna gyaran wurin suka ci karo da tsohon daɓe, da aka ci gaba da tono sai ga wani a ƙarƙashinsa, ga wani kuma a ƙarƙashin wancan, har shimfiɗa 11, tun daga zamanin daular Tang zuwa farkon ƙarni na 20. Sama da shekara dubu ke nan ana bin layi ɗaya. Daulolin da suka shimfiɗa tubalin duk sun shuɗe, gidajen da ke gefe an rushe su an sake ba adadi, amma kowane sabon mai mulki bisa sawun na baya ya ɗora nasa daɓen.

Ganuwar da ta ba unguwarmu suna kuwa, a 1380 aka faɗaɗa ta zuwa arewa, farkon daular Ming, ta hau kan tudun Yuexiu, aka gina dogon benen nan mai hawa biyar da ake kira Zhenhai a kanta. Wanda ya duba taswirar birnin da idon Bakano ba zai ji baƙunta ba. Unguwar fatake Larabawa da Farisawa tana yamma, kewaye da masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, kamar yadda muke da Dandalin Turawa da Alfindiki. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da muke sauka in za mu masallacin, Ximenkou, ma'anarta Bakin Ƙofar Yamma. Maƙabartar Musulmi kuma tana bayan Babbar Ƙofar Arewa, nan ne masallacin da muke cika ranar Juma'a, inda Musulmin Sin ke danganta wani kabari ga Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihin da muka karanta a gida sun ce a Madina aka binne shi.

Yanzu mu koma gida. Akwai wata magana da nake ji a bakin 'yan boko 'yan uwana, wai cikin birnin Kano ba shi da tsari. Ban yarda ba. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Daga kowace ƙofa akwai hanya da ta miƙe zuwa kasuwa ko fada, kamar jijiyoyi suna komawa zuciya. Daga waɗannan manyan hanyoyi lunguna suke ɓallewa, suna ƙara tsukewa suna karkacewa har su ƙare a ƙofar zauren wani. Karkacewar nan tana da dalili. Baƙo ba ya hango cikin unguwa daga nesa, iskar hunturu ba ta samun miƙaƙƙen wurin gudu, katanga tana ba katanga inuwa, mahari a kan doki kuma ba ya sukuwa. An bar gonaki a cikin badala saboda ranar da za a rufe ƙofofi. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne suke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara. Unguwanni kuma kowacce da sana'arta ko asalinta: Soron Ɗinki, Tudun Nufawa, Ayagi, Zangon Barebari, Agadasawa.

Kuma akwai doka. Hadisi ya zo cewa in an yi jayayya a kan hanya a sa faɗinta zira'i 7, wato mita uku da 'yan kai, kuma malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan haƙƙin mai wucewa, da inda aka yarda mutum ya fitar da indararo, da inda ba a yarda ya huda taga ba. A ƙarni na 19 Alƙalin Gwandu, Idirisu ɗan Halidu, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce don amfanin alƙalai. Ma'aunin dai na zamaninsa ne: raƙumi da kaya, jaki da mangala, mutum huɗu ɗauke da makara. Da wannan ma'auni birnin ya yi aikinsa ƙarni bayan ƙarni. Abin da ba a auna da shi ba shi ne mota, da yawan jama'ar da ya ninka har ya cinye gonakin ya cike kududdufan.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na shiga karatun nan shi ne, tsarin da Turawa suka shimfiɗa wa Kano yana da saiwa a wannan yankin da muke zaune, kuma likitoci ne suka ɗauki irin suka kai.

Ku tuna da Shamian, tsibirin nan mai manyan bishiyoyi inda amare ke zuwa ɗaukar hoto. A ƙarshe-ƙarshen yaƙin da Ingila da Faransa suka yi da Sin a kan cinikin ofiyam, daga 1859 suka sa aka haƙa mashigin ruwa aka raba wurin da gari, aka shata masa miƙaƙƙun tituna masu faɗi, aka yi gada biyu da ake rufewa da dare. Kashi huɗu cikin biyar na Ingilishi, ɗaya na Faransawa. A ƙetaren ruwan kuwa birnin Sinawa ne, lunguna a matse, kwata a buɗe. A farkon 1894 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa, wadda Larabawa ke kira ɗa'un, ta ɓarke a Guangzhou ta kashe dubun-dubatar mutane cikin 'yan watanni, ta tsallaka Hong Kong. A can ne wani likita, Alexandre Yersin, ya gano ƙwayar cutar a wannan shekarar. Hukumar Ingilishi ta Hong Kong ta kwashe mutanen unguwar Taipingshan, ta rushe ta, ta sake shata ta. Daga nan jiragen ruwa suka yi ta rarraba cutar a tashoshin duniya. Ta isa Ankara ta ƙasar Gana a 1908, ta isa Ikko a 1924.

Wani farfesan kiwon lafiya, William Simpson, wanda aka tura Hong Kong binciken annobar, shi aka sake turawa Afirka ta Yamma a 1908. Shawararsa ita ce a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, a bar fili a tsakani. Dama tun 1897 Ronald Ross ya nuna cewa sauro ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, sai hujja ta zama biyu. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta tsayar da abin: yadi 440 na fili, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta kowa. Wai iyakar tafiyar sauro ke nan. A garuruwa da dama irin wannan fili ne ya zama filin sukuwa ko na golf. A matsayina na likita ba na jin daɗin wannan babi. Ilmin gaskiya ne, sauro na kawo zazzaɓi, cunkoso na haifar da annoba. Amma maimakon a yi maganin kwatar kowa, sai aka yi amfani da ilmin aka ja layi, aka zuba kuɗin hanya da famfo da magudana a gefe ɗaya na layin. Kukun Bature da boyinsa kuma a bayan gidansa suke kwana, sauro bai taɓa tambayar su takardar izini ba.

Haka Kano ta zama garuruwa da yawa a wuri ɗaya. Turawa sun ci birnin a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Aka bar cikin badala a hannun Sarki ba a taɓa lungunansa ba. Aka shata Nasarawa da Bompai da manyan filaye da bishiyoyi. A 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen gaɓar teku, aka yi mata layuka miƙaƙƙu masu gittawa kamar dara, fuloti kowanne da lambarsa. Fagge, tsohon zangon fatake, ta zauna a tsakani. Wannan rabo ya yi mana illar da har yanzu ba mu gama biya ba, domin mutanen da ba sa haɗuwa a bakin rijiya ɗaya ba sa sanin juna, kuma da rikicin watan Mayu na 1953 ya tashi, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka fi gwabzawa.

Amma a faɗi gaskiya ko da a kan abin da ba a so. Layukan Sabon Gari sun yi aiki. Gidajen ƙasa na farko sun zama na siminti, na siminti sun zama benaye, jama'a ta ninku ba lissafi, tituna sun lalace sau da dama an gyara, amma ba a taɓa buƙatar rusa gidan kowa don a sami inda mota za ta bi ba. In ka ce wa mutum lamba kaza titin Faransa, zai je. In za a ja bututun ruwa ko wayar lantarki, akwai inda za a bi. Wanda ya ja layukan nan a 1913 ba ƙaunar mazauna wurin ce ta sa shi ba, amma filin da ya bari a tsakanin gidaje ya fi shi daɗewa, ya fi mulkin da ya aiko shi daɗewa.

Su kuma mutanen Guangzhou, da daular sarakuna ta faɗi a 1911, sai sababbin shugabanni suka ɗauki ganuwa a matsayin alamar ci baya. A 1918 aka kafa ofishin kula da birni, babban aikinsa rushe ganuwa da shimfiɗa titi a gurbinta. A 1921 aka kafa hukumar birni irin ta zamani, aka ba Sun Fo, ɗan Sun Yat-sen, wanda ya yi karatu a Amurka, shugabancinta. Cikin 'yan shekaru ƙofofin suka tafi, har da tamu. Titin Renmin a kan ganuwar yamma yake kwance, titin Yuexiu a kan ta gabas, titin Yide, inda masu sarin kayan wasan yara da busasshen kifi suka sani, a kan ta kudu. Abin da ya tsira bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, a cikin lambun Yuexiu, saiwar bishiyoyi ta rungume tubalin.

Ba na yaba wa rushewar. Birnin Xi'an ya riƙe tasa ganuwar kuma bai rasa tituna ba, yau ma kuɗi take kawo masa. Sai dai ko ba komai, da suka rushe, jama'a ce ta ci filin. Mu ma titin BUK badala ya bi daga Ɗan'agundi zuwa Kabuga, amma jikin badalar da ramin da ke bayanta, a wurare da yawa fuloti da shaguna ne suka cinye su kaɗan-kaɗan, ba mu tsira da tarihin ba, ba mu sami hanyar ba.

Akwai wani abu guda na wancan zamani da nake so kowane mai niyyar gini a cikinmu ya je ya gani da idonsa. A titin Shangxiajiu da Enning da wasu sassan titin Beijing, benayen suna tsaye ne a kan ginshiƙai ta gaba, hawa na sama ya fito ya rufe hanyar masu tafiya a ƙasa. Ana kiran su qilou. Mutum zai yi tafiya mai nisa ana ruwa bai jiƙe ba, ana rana bai ƙone ba. Dokar gini ta 1912 ce ta wajabta wa mai shago a bakin titi ya bar kimanin ƙafa 8 ta gaba don masu wucewa, kuma daga cikin filinsa, ba daga na hukuma ba. Bai yi asara ba, domin ya gina samansa, kuma inuwar ta jawo masa masu saye. Sai ku kwatanta da mu. Mu in mun gina, dakali muke fitarwa cikin hanya, sannan rumfar kwano, sannan ramin masai, sannan wurin janareto. Su mai gida ya ba hanya daga nasa, mu hanya ce ke ba mai gida daga nata.

Kada wani ya ɗauka komai na nan a tsare yake. Ai a cikin shaidar akasin haka muke kwana. Dengfeng, inda Baohan take, ƙauyen manoman kayan lambu ne a bayan ƙofa. Da aka buɗe babbar tashar jirgin ƙasa a 1974, aka mayar da baje kolin Canton kusa da ita a Liuhua, titin Huanshi ya zama jijiyar arewacin gari, birni ya zo ya kewaye ƙauyen. Hukuma ta karɓi gonaki, amma filayen gidaje na jama'ar ƙauye ne a dokar ƙasar, sai aka bar musu. Manomin da ya rasa gona ya ga baƙi na neman ɗaki, me zai yi? Ya ɗora bene a kan bene, ya cika filinsa har iyaka, maƙwabcinsa ma haka. Turbar da aka yi don mai ɗauke da kwandon alayyafo ita ce yanzu ke tsakanin benaye masu hawa shida da bakwai. Sinawa na kiran su gidajen musabaha, don mutum zai miƙo hannu ta taga ya gaisa da na ɗaya gidan.

Wannan matsi shi ya yi mana rana, kada mu manta. Arahar ɗaki, da kusanci da tasha da kasuwannin sari, da abincin halal na Musulmin arewa maso yammacin Sin da suka riga mu zama, su suka tara 'yan Afirka a nan tun daga ƙarshen shekarun 1990, har benen Tianxiu ya zama abin da ya zama. Unguwar Zhujiang da aka zana a takarda da tituna masu layi takwas ba ta da wurin ɗan tireda mai jarin kwantena rabi. Gari yana buƙatar inda talaka da baƙo za su sa haƙarƙari. Amma ni da nake ganin masu tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa daga ɗakunan da rana ba ta taɓa leƙawa ba, na san farashin. Tarin fuka yana son ɗakin da iska ba ta ratsawa. A 2014 zazzaɓin dengi ya kama mutum sama da dubu 30 a wannan birni, sauronsa kuwa a ɗan ruwan da ya kwanta a bokiti da tukunyar fure da lungu mai duhu yake ƙyanƙyasa. Dokar kashe gobara ta Sin ta ce hanyar motar 'yan kwana-kwana kada ta gaza mita 4. Ku auna lungun da kuke kwana da taku. Kuma gyaran irin wannan wuri bayan an gina ba ya yiwuwa sai da rusau. Ƙauyen Liede da ke bakin kogi sai da aka share shi gaba ɗaya daga 2007 aka sake gini. A can akwai kuɗin yin haka saboda tsadar filin. A Kurna wa zai biya?

Na ambaci Kurna da gangan. Kano ba ta rasa masu tsari ba. An kafa hukumar tsara birni da kewaye a farkon shekarun 1960, wani masani mai suna Trevallion ya rubuta tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Unguwannin da hukuma ta yanka, irin su Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, har yau ana ganin bambancinsu. Amma an ƙirƙiro jiha a 1967, kuɗin fetur ya shigo, fari ya koro mutanen karkara, gari ya yi gudun da takarda ba ta iya bin sa ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, samun fuloti na hukuma ya zama sai mai hanya. Sauran jama'a suka koma wurin mai gona da dillali da igiya. Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Rimin Kebe, sassan Ɗorayi da Sheka, yawancinsu haka suka tashi. Mai gona yana lissafin fuloti nawa zai fitar, duk ƙafar da ya bar wa hanya a wurinsa asara ce. Ba a bar filin makaranta ba, ba na asibiti, ba na maƙabarta, ba inda ruwa zai bi. Dengfeng ce ba tare da kuɗin Guangzhou ba.

'Yan uwanmu na Maraɗi da ke cikin wannan ƙungiya sun san ɗaya fuskar. Ambaliyar 1945 ce ta ci tsohon garin a cikin kwari, aka hau da shi kan tudu aka shata miƙaƙƙun layuka masu faɗi tun babu kwalta babu mota. Shekaru da yawa rairayi ne kawai a cikinsu. Amma da kwaltar ta zo, ta tarar da wurinta yana jiranta.

Ina sabon likita, ina kwanan aiki a wani asibitin gwamnati a Kano, cikin watan Agusta, aka kawo wata mata da ta haihu a gida jini ya ɓalle mata. Tsakanin gidansu da asibitin bai kai tafiyar minti goma sha biyar a mota ba. Maƙwabcinsu yana da mota, kuma ya tashi. Amma motar a bakin titi take kwana don ba ta shiga layin, layin kuma ya zama rafi a daren. A baro aka turo ta, mijin na gaba da tocila, ana ɗaga baron ana tsallake kwata. Da suka iso ba ta da sauran jijiyar da za mu sa wa ruwa cikin sauƙi. Mun yi abin da za mu iya. Ba ta kai asuba ba. A karatunmu ana koya mana jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashewa cikin awa biyu. Mutanen nan ba su yi jinkirin shawara ba, mu ma ba mu yi namu ba. A takarda na rubuta zubar jini. Ajali ne ya yi, Allah ya jiƙanta, amma sababin wani ne ya auna shi da igiya shekara ashirin kafin daren, kuma na tabbata bai taɓa jin labarinta ba.

Ba masu haihuwa kaɗai abin ke ci ba. Da yawa daga masu karanta wannan sun yi asara a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da leshi, wasu ma daga nan muka yi lodinsu. Kowa ya ji abin da 'yan kasuwar suka yi ta faɗa a lokacin game da gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyi da magudanu. Haka gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, wadda ta ci dubban shaguna. Motar kashe gobara ba ta tashi sama, sai ta sami inda za ta bi.

Dalilin da ya sa na kawo wannan dogon zance a mujallar 'yan kasuwa shi ne, mu ne masu sayen filayen nan yanzu. Ribar kwantena in ta taru, gona ake saya a bayan gari, ta hanyar Gwarzo ko Madobi ko Haɗeja, a yanka a sayar, ko a ajiye. Wasu daga cikin manyanmu a nan suna da gonakin da in an yanka za su yi unguwa guda. Wato abin da Rumfa ya yi, da abin da Baturen 1913 ya yi, yau yana hannun Alhaji da ke zaune a wani ofis a hawa na goma a Tianxiu yana magana da dillali ta WeChat. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ba da shawarar a bar wa tituna aƙalla kashi 30 cikin ɗari na fili. Na san in na faɗi wannan a taronmu za a yi dariya. Amma ko kashi 20 aka bari, aka daidaita bakin layi da layin gonar maƙwabci don kada ya mutu a katangar wani, aka bi gangaren ruwa aka bar masa hanyarsa, aka kira safiyo aka kai zanen hukumar tsara birni ta sa hannu, an yi abin da ba ya gyaruwa daga baya. Kwalta za ta iya jira shekara talatin. Faɗin ne ba ya jira, tun ran gini ran zane. Kuma fulotin da mota ke shiga ƙofarsa ya fi tsada ranar sayarwa, wannan kun fi ni sani.

Ni ma ban tsira ba. Shekara uku da suka wuce ƙanena ya saya mini fuloti biyu a wata sabuwar unguwa a yammacin gari, awon igiya, don shi na iya saya. Da na je hutu bara na ɗauki tef na auna layin: ƙafa 10. Na sa aka tone harsashin katangata ta gaba aka ja da baya ƙafa 3. Sannan na nemi mai fulotin da ke kallon nawa, wani dattijo mai sayar da hatsi, na same shi a rumfarsa bayan la'asar, muka gaisa, na ce, "Baba Alhaji, alfarma na zo nema. In kun ja taku ƙafa uku kamar yadda na ja, layin nan zai kai sha shida, mota za ta shiga har ta ba wata hannu."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Likita, maganarka gaskiya ce. Amma ƙafa uku a tsawon hamsin, ai shago guda ka ce in ba hanya. Kuma in ni da kai mun ja, na bakin layin fa? Shi ya riga ya zuba dakin."

Na ce masa na bakin layin ma zan je wurinsa. Na je, ban same shi ba, aka ce yana Legas. Na bar wa mai unguwa saƙo, na dawo nan. A watan jiya ƙanena ya turo mini hoto: katangata tana nan a inda na mayar da ita, wani mai shayi ya kafa tebur a ƙafa ukun da na bari, an kuma sauke wa Baba Alhaji bulo tifa biyu, ba a fara ɗorawa ba tukuna.